Kawu Yacuba, Ba Ka Tilasta Ni Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, uku ga watan Satumba, ana gab da Maulidi, Allah ya ɗauki ran kawuna Yacuba Hama, wanda duk Gaya ta sani da Yacuba Amerik. Ya cika a gidansa na bakin lambu jim kaɗan bayan azahar, aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Ya bar matarsa Zeinabu da ƴaƴa uku, ya bar ƙanwarsa guda ɗaya, Rabi, wadda ta haife ni. Sunana Sakina, ɗiyar Harun. Na roƙi Mushe Yunus, malamin da ya koyar da ni a ajin ƙarshe na lakkwal, wato firamare, ya karanta wannan takarda bayan addu'ar bakwai, saboda muryata ba ta kaiwa ko bakin ƙofa.

Kawu, ina tsince shinkafa a tsakar gida aka zo da labarin. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi, ta dubi Baba ta ce, "Yanzu in tafi?" Baba ya ce, "Tashi mu tafi." Wata guda ke nan cif ba ta taka gidanka ba, kai ma ba ka taka namu ba. Mutane sun san an samu saɓani tsakaninka da Baba a kaina. Abin da ba su sani ba shi ne ƙarya na yi maka, kuma saboda ƙaryar nan ka rasu ba ka ga ƙanwarka ba. Zan faɗi yadda aka yi. Amma bari in fara da alherinka, don shi ya fi yawa.

Shekara goma sha bakwai ka yi a Amerik kana aiki a inda ake fige kaji a zuba su a leda. Ka ce sanyin ɗakin ne ya lanƙwasa maka ƙaramin yatsa. Ka dawo shekara biyar da suka wuce da akwatin ƙarfe cike da kayan gyaran inji, kuma tun daga lokacin duk wanda injin ban ruwansa ya mutu, ƙofarka yake bugawa. Na tuna ranin da injin Baba Kabo ya tsaya daidai lokacin da shinkafarsa ke fidda kai. Kwana uku ka yi cikin laka har cinya kana kwance shi kana ɗaurawa. Da ruwa ya taso, Baba Kabo, da yake masunci ne, ya kawo maka kifi cike da kwando. Ka zaɓi guda ɗaya, mafi ƙanƙanta, ka ce masa, "Wanga ne ka kama da hannunka, na gane shi. Sauran mai da wa wanda ya ara maka." Ya zage ka da Dandanci, kuka yi ta dariya.

Tsofaffin Tanda, garin haihuwarka, ba za su manta da jakar tabarau da ka kai musu ba. Ka shimfiɗa tabarma, ka ba kowace tsohuwa allura da zare, kana canja mata tabarau ɗaya bayan ɗaya har sai zaren ya shiga. Wata ta ce shekara takwas ke nan jikokinta ke zura mata zare. Ni kuwa, bara da sakamako ya fito ban samu wucewa kolej ba, na shige ɗaki kwana uku na ƙi fitowa. Kowa ya zo ya yi mini nasiha. Kai ka zo da gwangwanin kusoshi, ka zauna a bakin ƙofa ka juya mini baya, ka ce idonka ba ya gani sosai, in taimake ka in ware manya da ƙanana. Ba ka ambaci jarrabawa ba ko sau ɗaya. Kafin la'asar ina zaune a waje.

Amma abin da aka fi saninka da shi, kuma aka fi yi maka dariya a kai, shi ne ƙwallon Amerik. Ka zo da guda ɗaya a cikin kayanka, ja-ja, mai tsini gaba da baya, da ɗinkin farin zare a gefe. Ƴan unguwa suka sa mata suna balon gwanda. Baba Kabo yakan ce, "Amerik, wane irin wasa ne mutum zai rungumi balo ya ruga kamar ɓarawon kaza, ƙatti na binsa?" Kai kuma ka ce, "Kai da ka shekara arba'in kana jefa birgi, ko sau ɗaya ka taɓa jefa shi inda kifi yake?"

Watan Agusta shi ne watanka. Ka ce a can sai Satumba ake fara kakar wasa ta gaske, a Agusta kuwa wasannin gwaji ake yi, kowace ƙungiya tana duba abin da take da shi. Da hantsi kakan ɗauki tabarma da wayar salula ka sauka bakin kogi, inda reson waya na Malanville, garin ƙetaren kogi, ke tsallakowa ya fi na gari ƙarfi. Ka kalli guntayen wasannin da aka yi, ka saurari masu sharhi, sannan ku yi ta aika wa juna saƙon murya kai da amininka Alassan, wanda kuka yi aiki tare, yana can har yanzu. Ni nake kawo maka shayi daga wajen Anti Zeinabu, kuma da yake ba na magana, sai ka mai da ni mai sauraronka.

Kana da murafun kwalba talatin da biyu a cikin tsohuwar safa, ɗaya ga kowace ƙungiya. Kakan jera su a kan tabarma, na gaba na gaba, na baya na baya, yadda kake ganin kakar za ta kasance. Ka ɗaga ɗaya ka ce waɗannan katangarsu ta yi ƙarfi, amma mai jifansu ya tsufa, ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Ka ɗaga wani ka ce waɗannan sun canja mai horarwa, sai an ba su shekara. Ka tura wani can baya ka ce sun sayo mutane da yawa amma ba su san juna ba. Kullum maganar tana komawa kan mutum guda a cikin goma sha ɗaya, wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane taku, ya duba fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Kai kwatabak kake ce masa. Ni mai jifa nake cewa.

Yara masu jifa su ne damuwarka. Ka ce kowace shekara ƙungiyoyin da suka sha kashi su ake ba damar fara zaɓar yaran da suka fito daga jami'a. Sai a ɗauko ɗan shekara ashirin da biyu, a sa masa hular kwano, gari guda ya ɗora begensa a kansa, alhali ƙatti biyar da ya kamata su tsare shi ba su iya tsare ko akuya ba. Musunku da Alassan ke nan kowace shekara. Shi ya ce a jefa yaro cikin wasa ya koya da jikinsa. Kai ka ce a'a, a zaunar da shi a gefe shekara guda yana kallo. Ka ce ba duka ke karya yaro ba, idon mutane ne. Yaron da aka fito da shi da wuri, in ya yi kuskure sau biyu aka yi masa ihu, sai ya fara jifa yana tsoro, kuma da wuya hannunsa ya dawo. Bana, tun kafin Agusta, akwai wani da ka ƙwallafa rai a kansa, siriri, mai sanyin fuska, wanda masu sharhi ba su cika ambata ba. Ka ce ka ga yadda yake tsayawa bayan an kayar da shi. Ka ajiye murfin ƙungiyarsa a tsakiyar tabarma, ka ce in sun yi masa haƙuri za a ji labarinsa.

Yadda na shiga cikin abin kuwa, a gonar shinkafa ne, bara da kaka, ina korar tsuntsaye. Kowa ya san yadda ake yi: a ja igiya daga rumfa zuwa kusurwoyin gona, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, in tsuntsaye suka sauka a girgiza. Igiyar kusurwa mai nisa ta tsinke mini, kuma ina jin nauyin in gaya wa Baba. Sai na riƙa dunƙula laka ina shanyawa a rana, in tsuntsaye suka sauka can in jefi gwangwanin ya yi ƙara. Ban san kana tsaye a kan gaɓa ba, ka dawo daga gyaran inji. Na ji ka ce, "Sake." Na rufe fuska da hijabi. Ka ce, "Ɗiyata, ba faɗa ba ne. Sake in gani." Na jefa sau uku, sau uku gwangwani ya amsa. Ka auna nisan da ƙafarka, ka dawo kana girgiza kai, ka ce, "Ina ta neman mai jifa a salula, ashe yana gonar Harun."

Tun daga nan, duk yammacin da Inna ta aike ni gidanka, sai mu zagaya lambu. Ka rataya tsohuwar tayar mota a reshen mangwaro. Ka nuna mini inda ake ɗora yatsu a kan ɗinkin, yadda ake taka ƙafar hagu, yadda ake sakin ƙwallo ta tafi tana juyawa kamar mazari. Kwanakin farko tana faɗuwa kamar kaza da aka harba. Anti Zeinabu ta tsaya bayan taya da kwando tana tara, tana cewa in na fasa mata tulu sai kawuna ya sayo biyu. Kafin zafi ya shigo ina zura ta cikin taya daga taku ashirin. Kawu, a rayuwata ban taɓa iya wani abu ba sai wannan. A lakkwal in mushe ya kira sunana bakina ya bushe. A lambunka kuwa, in ƙwallo tana hannuna, ban san kunya ba.

Ina so masu sauraro su riƙe wannan: ni na roƙa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ce maka, "Kawu, yaushe zan yi da mutane? Na gaji da taya." Kakan ce, "Da saura. Shekara guda a gefe, kin san dokata." Har fushi na yi da kai, na yi mako ban zo ba.

Sai a watan Yuli ka canja magana. Ka ce za ka haɗa wasan gwaji na ƴan mata, biyar da biyar, babu ture babu kokawa. Kowace za ta soke ƙyalle a ƙugu, in aka fizge ƙyallen an tsayar da ita ke nan. Ka bi gidajen ƙawayena na lakkwal ka nemi izinin iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Ka ce gobe za ka zo wajen Baba. Ni kuwa na san Baba bai san ina jifa ba ko kaɗan, kuma ina tsoron ya ce a'a komai ya lalace. Sai na ce maka, "Ba sai ka zo ba, na gaya masa, ya yarda." Ka dube ni ka ce, "Harun ya yarda? Da bakinsa?" Na ce, "Da bakinsa." Ka yi murna har ka tafa. Wannan ita ce ƙarya ta farko.

Aka sa ranar Lahadi, uku ga Agusta, ranar dashen itatuwa, a filin da ke bayan lakkwal. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Ka zana layuka da toka. Da farko mu kaɗai ne da ƴan iyayen mata, amma da masu dashe suka taso sai fili ya cika. Ƴan kabu-kabu suka jera baburansu, suka ɗaga salula. Ana ta dariya, ana cewa a zo a ga ɗiyan Amerik da gwandarsu. Ka zo kusa da ni ka ce, "Kada ki duba su. Duba Jummai." Jummai ce mai gudunmu. Aka miƙo mini ƙwallo, na ja baya taku uku yadda ka koya mini, na hango ta can kusa da bishiyar bedi, na saki. Ƙwallon ta tafi tana juyawa, ta sauka a ƙirjinta. Dariya ta tsaya. Sai ihu ya tashi, wani yana kiran sunana, wani yana cewa a sake. Na juyo in dube ka, na ga kana share ido da hularka.

Bayanka na hango Baba. Yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya dawo daga dashe. Bai ɗaga murya ba. Ya ratso fili har gabana, ya dubi ƙyallen da ke ƙuguna, ya dubi samarin da ke ɗaukar hotona, ya ce, "Wa ya kawo ki nan?"

Idanu sun fi ɗari a kaina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji bakina yana cewa, "Kawu ne. Na ce ba na so, ya ce dole."

Ka dube ni, Kawu. Ba da fushi ba. Kallo ne ɗan gajere, irin wanda kake yi wa inji in ka gano inda ya lalace. Sannan ka cire hularka ka ce, "Haka ne, Harun. Laifina ne. Yi haƙuri." Baba ya ce ya ɗauke ka ɗan'uwa, bai zaci za ka fito da ɗiyarsa tsakiyar maza ba tare da ka tambaye shi ba, balle a kan dole. Ya ce kada ka ƙara zuwa gidansa, kuma babu wanda zai fita daga gidansa ya je naka. Ka ce, "To." Ka sunkuya ka ɗauki ƙwallonka. Sauran iyaye suka janye ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin magariba gari ya ɗauka cewa Yacuba Amerik yana tilasta wa ƴan mata wasan Nasara.

Ba na ganin laifin Baba. Abin da ɗiyarsa ta faɗa masa a gaban jama'a ya yi aiki da shi. Da ka aiko Baba Kabo ya ba shi haƙuri, bai ce har abada ba. Cewa ya yi a bari zuciya ta huce, bayan girbi a zauna. Duk mun ɗauka akwai bayan girbi.

Kwana talatin da ɗaya na samu in gyara, ban gyara ba. Kullum in na kai wa Baba ruwan alwala sai in ce yau zan faɗa, sai in ajiye buta in juya. Inna ta san ina son jifan, don ta sha ganina ina gwada hannu da lemun tsami a bayan ɗaki. Ta dube ni ranar da muka dawo, ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Na riƙa jin ta tana tambayar maƙwabta ko sun ga yayanta a masallaci.

A tsakiyar watan ka aiko saƙon murya a salular Inna. Ka gaishe ta, ka gaida Baba, sannan ka ce a gaya wa Sakina yaron nan naka ya yi wasan gwaji bai yi kyau ba, ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo, masu sharhi sun ce ba shi da amfani. Ka yi dariya ka ce, "Ba su san komai ba. Wasan Agusta ba a lissafa shi. Ki gaya mata haka nan." Na gane da wa kake. Inna ta miƙo mini salula ta ce in amsa maka, na ce ina da wanke-wanke.

Sau ɗaya na gan ka bayan nan, a kasuwa, wajen masu albasa. Ka rame, rigarka ta yi maka yawa, kana tafiya kana hutawa. Taku goma ne tsakaninmu. Na durƙusa bayan buhuna kamar mai ɗaure takalmi, na zauna nan har ka wuce. Ban sani ba ko ka gan ni. Ina roƙon Allah ya sa ba ka gan ni ba, kuma na san idonka, wanda ya hango gwangwani daga kan gaɓa.

Ranar rasuwarka, da aka fito da kai ƙofar gida za a yi maka salla, muna cikin gida mu mata, katanga ce kawai tsakani. Liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, don yau ya fi kowa buƙata. Mutane suka amsa gaba ɗaya. Sai na ji muryar Baba ita kaɗai, ya ce, "Na yafe masa abin da ya yi mini, duniya da lahira. Ku shaida." Aka ce Allah ya yi masa albarka. Ni ina durƙushe kusa da randa, na toshe bakina da hijabi. An yafe maka abin da ba ka yi ba, a gaban gawarka, kuma wadda ta yi tana ji.

Ranar uku, da mutane suka ragu, Anti Zeinabu ta kira ni cikin ɗakin takabarta. Ita ta gaya mini abin da ko Inna ba ta sani ba. Tun watan Yuni da kuka je likita a Dosso aka gaya maka hantarka ta yi nisa. Ka hana ta faɗa wa kowa. Ta ce da kuka dawo ka zauna a lambu kana kallon tayar nan, ka ce ba ka da shekarar da za ka ajiye ni a gefe, kana so ka ga jifata ɗaya a fili kafin ka tafi. Ta ce bayan abin ya faru ta so ta zo ta faɗa wa Baba gaskiya, don da kunnenta ta sha jin ina roƙonka, ka sa ta rantse ba za ta yi ba. Ka ce kai ka karya dokarka, ka fito da yarinya da wuri, kada a haɗa ta da ubanta.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Ni na yi masa alkawari, Sakina, bakina a rufe yake. Ke ba ki yi masa ba."

Salularka tana gefenta a kan tabarma. Ta ce ranar Juma'a da safe saƙon Alassan ya shigo, bai riga ya ji ba, yana dariya yana cewa an buɗe kakar wasa, ina Yacuba ya ɓuya, ko tsoron musu yake. Ita ta kira shi ta gaya masa. Ban tambaya ba ko yaronka ya fara wasa ko an ajiye shi a gefe. Ban ga ina da bakin tambaya ba.

To ga gaskiya, a gaban waɗanda suka ji ƙaryar da waɗanda aka kai wa ita. Kawuna Yacuba bai tilasta ni ba. Ni na roƙe shi wata da watanni. Ya yi niyyar zuwa wajen mahaifina ya nemi izini kamar yadda ya je sauran gidaje, ni na tare shi na ce an yarda. Iyayen Jummai da na sauran ƙawayena, da ku ya zauna, kun san da ladabin da ya zo muku. Masu hoton ranar a salula, in kun tura shi da wata magana a kansa, ku tura wannan ma. Duk wanda ya faɗi mummunar kalma a kan Yacuba Amerik saboda abin da na ce, ya janye ta, ya ɗora a kaina.

Kawu, ban san ko ana yafe wa mutum daga kabari ba. Malamai sun ce addu'a tana isa, ita nake da ita. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya gonakin mutane. Allah ya suturta ka ranar tsayuwa yadda ka suturta ni a filin lakkwal. Ya haɗa ka da iyayenka a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyya ga Anti Zeinabu da ƴan'uwana uku, Allah ya ba ku haƙuri, ya zama gatanku. Ga dangi na Tanda da na Gaya, ga Baba Kabo da ya rasa abokin tsokana, ga Alassan da ya rasa abokin musu a ƙasar da ba kowa nasa, Allah ya ba ku dangana.

Inna, yayanki guda ɗaya ne, kuma na cinye miki watansa na ƙarshe. Ba ni da abin da zan mayar miki da shi. Ban ce ki yafe mini yau ba.

Baba, na san a gaban mutane ka ji wannan, kuma na san da zafi. Na gwada in faɗa maka mu biyu sau talatin da ɗaya na kasa. A gaban mutane na ɓata sunan Kawu, shi ya sa nake gyarawa a gabansu. Ina cikin gida kusa da Inna, ban ɓuya ba. In an shafa fatiha, ka aiko a kira ni, zan fito.

Allah ya jiƙan Kawu Yacuba. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.